Hokin cikin ɗaki na maza da mata: waɗanne dokoki za mu kafa?

Baban_Ummi_Malali:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙungiyar unguwarmu za ta fara wasan hoki na cikin ɗaki duk Asabar bayan La'asar, na motsa jini kawai, ba na cin kofi ba. Masu sha'awa mutum 24 ne, maza 15, mata 9, yawanci ma'aurata da 'ya'yansu da suka tasa. Zauren da muka samu girman filin ƙwallon kwando ne, daɓen siminti mai sulɓi, sandunan kuma na roba ne. Waɗanne dokoki ya kamata mu rubuta kafin ranar farko? Mata nawa za su kasance a fili a lokaci guda? Kuma wasu sun kawo shawarar idan mace ta ci ƙwallo a lissafa ta biyu. Me masana suka gani?

Koci_Barnawa:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ku fara tsayar da wane wasa za ku yi, domin abu uku ne mutane ke haɗawa su kira hoki, kuma dokokinsu ba ɗaya ba. Akwai na cikin ɗaki na hukumar hoki ta duniya, FIH, wanda ya fito daga hokin fili irin wanda ƙungiyoyin nan na Kaduna, Kada Stars da Kada Queens, ke bugawa. A can gefe ɗaya na sanda kawai ke taɓa ƙwallo, turawa ake yi ba bugu ba, ƙwallon kuma mai tauri ce, giram 156 zuwa 163. Wannan ba naku ba ne, tana fasa ƙwauri. Akwai fulobol, wanda ya bunƙasa a Suwidin a shekarun 1970, aka kafa hukumarsa ta duniya a 1986. Ƙwallonsa ta roba ce mai huji 26, faɗinta milimita 72, nauyinta giram 23 kacal, gola kuma ba ya riƙe sanda, a durƙushe yake tsaron raga. Na uku shi ne na makarantun Kanada da Amurka, hokin ƙanƙara ne aka sauko da shi kan daɓe, da ƙwallon roba ko faifan roba.

Shawarata ku ɗauki ƙwallon fulobol da galibin dokokinsa. Inda aka haɗa mai kilo 90 da mai kilo 50 a fili ɗaya, duk abin da zai rage amfanin ƙarfi shi ake nema, ƙwallo mara nauyi kuwa ta yi rabin aikin.

Yawan mutane kuma fili ne ke yanke shi. Cikakken filin fulobol mita 40 ne da 20, mutum biyar da gola. A Suwizalan suna da ƙaramin fili na mita 24 da 14, mutum uku da gola. Filin kwando mita 28 ne da 15, don haka huɗu da gola ya dace da ku. Kuka sa biyar karo zai yawaita, ba wurin kaucewa.

Maman_Sadiq:
Huɗu da gola, to biyu maza biyu mata, kuma ba a lissafa gola a ciki. Wannan ta ƙarshen ku rubuta ta da manyan baƙaƙe. In ba haka ba kowace ƙungiya za ta tura mace raga don cika ƙa'ida, maza uku su mamaye fili.

Ku duba lissafin benci kuma. Wannan wasa ba a daɗewa a cikinsa, minti ɗaya da rabi zuwa biyu mutum ya fita wani ya shiga, ba tare da an tsayar da wasa ba. Mata tara kuka ce, wato huɗu nan biyar can. Ya isa, amma a kan gaɓa kuke. Ranar da biyu suka tafi biki, sauran biyun za su yi wasan gaba ɗaya ba hutu, maza kuwa suna ta canji da sabon ƙarfi. Wanda ya gaji shi ke faɗuwa, shi ke sakin sanda. Saboda haka kada ku kafa ƙungiyoyi na dindindin. Duk Asabar a ƙirga waɗanda suka zo, a raba mata daidai tukuna, sannan maza.

DanRigasa:
To Maman Sadiq, in matan ba su kai ba fa? A fasa wasa?

Maman_Sadiq:
A'a ƙanena. Ƙungiyar da mace ɗaya ta rage mata ta shiga da mutum uku, gurbin ya zauna a buɗe, namiji ba ya cike shi. In ƙarancin ya shafi kowane gefe, a koma uku da gola, mace ɗaya dole a kowace ƙungiya. Da zarar an yarda namiji ya cike gurbin mace sau ɗaya, ba wanda zai ƙara ɗaga waya ya kira matan.

DanRigasa:
Na gamsu da wannan. Amma maganar ci biyu ina goyon bayanta. Abin da aka fi gani a irin wannan wasa shi ne maza biyu su yi ta miƙa wa juna, matan suna gudu sama da ƙasa ba su taɓa ƙwallo ba. In cin mace biyu ne, ko mai son kai zai nemi inda take.

Hauwa_Kawo:
Yaya, ciwon da ka faɗa gaskiya ne, amma maganin ba shi ba ne. Ga abin da ci biyu ke haifarwa: ƙungiya za ta dasa mace ɗaya a bakin ragar abokan hamayya, ta tsaya cak tana jiran a buga ƙwallo ta taɓa sandarta. Ba ta koyi tuƙa ƙwallo ba, ba ta koyi tsaro ba. Su kuma masu tsaro, tunda sun san cinta ya fi tsada, mutum biyu za su taru a kanta a wuri mafi cunkoso a filin. Dokar da aka yi don a shigar da ita wasa ta zama sanadin da za a fi bangaje ta. Bayan haka ƙwallon giram 23 ba ta buƙatar ƙwanji. Mace mai saurin hannu tana cin ta yadda namiji ke ci, kuma tana so a lissafa mata abin da ta ci daidai.

Alkali_MaiUsur:
Ku ajiye maganar ci tukuna ku zo kan sanda, nan rauni yake. Bakin sanda ba ya wuce ƙugu, ko lokacin da aka ja ta baya kafin bugu, ko bayan bugu da take bin ƙwallo gaba. Mutane suna kula da ta baya su manta da ta gaba, alhali ita ce ke samun fuskar mai tsaron da ya sunkuyo. Ku lura kuma, ƙugun dogon namiji yana iya zama daidai ƙirjin gajeriyar mace ko fuskar yaro. Shi ya sa a wasan haɗaka na fi son a ce gwiwa in akwai mutum kusa, ƙugu in ba kowa. Ƙwallon da ta tashi sama da gwiwa ba a kai mata sanda sam. A tare ta da ƙirji ko a bari ta sauko. Ba hannu, ba kai, ba tsalle.

Sai bugu. Ku hana wanda ake ɗaga sanda a maka wa ƙwallo. Bakin sanda ya kasance manne da ita a ƙasa, a ja ta a share kamar mai shara da tsintsiya, wuyan hannu ya ƙarasa aikin. Ya fi saiti ma.

Ba dukan sandar abokin hamayya, ba ɗage ta, ba danne ta, ba maƙalo mutum da ita, ba cusa ta tsakanin ƙafafunsa, ba jifa da ita. Mai son ƙwace ƙwallo ya riƙe sanda da hannu biyu. Mai hannu ɗaya lilo yake da ita, in ta tafi ba ya iya tsayar da ita.

Ƙafa kuwa, a yarda a tare ƙwallo da ita a turo wa sanda, amma ci da ƙafa da gangan ba ci ba ne. Ɗan wasa ba ya kwanciya ko zamewa a ƙasa don tare ƙwallo, gwiwa ɗaya ce iyaka.

Koci_Barnawa:
Alƙali ya bar ɗaya: jiki. A fulobol na gasa an yarda da kafaɗa da kafaɗa in ba ta yi tsanani ba. Ku kam ku soke ta gaba ɗaya. Ba kafaɗa, ba ture da ƙugu, ba dafa baya, ba riƙe riga, ba ja da baya a tunkuɗe mai tsaro. Inda ake karya wannan doka shi ne kusurwa da jikin bango, lokacin da mutum biyu suka rugo kan ƙwallo ɗaya. Ku rubuta cewa wanda ya riga isa ita ce tasa, na biyun ya ja birki ya ba shi tazarar mita ɗaya, shi kuma yana da daƙiƙa uku ya fitar da ita. Bai fitar ba, ta koma hannun abokan hamayya. Wannan doka ɗaya tana kawar da mafi munin faɗuwa, wadda mutum ke kai goshi bango da wani a bayansa.

Malam_TudunWada:
Ina da magana, Allah Ya sa a fahimce ni. Gidaje da yawa a garin nan ba za su amince baligai maza da mata su yi ta gudu suna gogayya a fili ɗaya ba, kuma suna da hujjarsu ta addini da ta al'ada. Ko an rubuta ba taɓa jiki, wasa wasa ne, wata rana sai an yi karo. Baban Ummi ya ce ma'aurata ne, to amma matar wani ce za ta tari mijin wata. A yi wa wannan tanadi tun yanzu, kada sai an fara wasu su janye iyalansu cikin ɓacin rai.

Hajiya_UnguwarRimi:
Maganarka a kan hanya take Malam, kuma akwai tsarin da ke ɗauke ta. A yi zagaye huɗu. Na farko da na uku mata zalla, na biyu da na huɗu maza zalla, ci kuma a haɗa shi wuri ɗaya. Ƙungiya ɗaya ce, nasara ɗaya, miji yana benci yana ƙarfafa wa matarsa gwiwa, amma ba a haɗu a fili ba. Da mata tara sai a yi uku da gola a kowane gefe, a rage zagayensu zuwa minti 7 tunda masu canji kaɗan ne, na maza ya zama minti 10. Amfaninsa na biyu, matsalar da Ɗan Rigasa ya kawo ta mutu da kanta, domin a zagayen mata ba wanda za a miƙa wa sai mace. Wasu matan ma za su so a sa labule ko maza su fita waje lokacin zagayensu. A tambaye su su da kansu, kada a yanke musu.

Anti_Rahila_Sabo:
Akwai hanya ta tsakiya ga ƙungiyoyin da haɗuwar ba ta dame su ba. A Holan akwai wasan kofbol, na jefa ƙwallo da hannu cikin kwando, wani malamin makaranta a Amsterdam, Nico Broekhuysen, ya ƙirƙiro shi a 1902 don ɗalibansa maza da mata su yi wasa tare. Maza huɗu mata huɗu ne a ƙungiya, kuma dokarsa ita ce namiji namiji yake tsaro, mace mace. Sama da shekara ɗari ke nan ana yin sa haka. Za a iya aro wannan: namiji ba ya ƙwace ƙwallo a sandar mace, mace ba ta ƙwata a sandar namiji.

Alkali_MaiUsur:
Anti, tana aiki amma da gyara. A kofbol ba a gudu da ƙwallo, a hoki kuwa ana yi. In namiji ya wuce mai tsaronsa, mace ce kaɗai tsakaninsa da raga, aka ce ba ta da ikon taɓa shi, ai an buɗe masa titi. Sai a ce tana da ikon tsayawa a hanyarsa ta shimfiɗa bakin sanda a ƙasa, ta datse miƙawa ko bugu, amma ba ta kai masa farmaki. Shi kuma dole ya kauce mata. Ya nufe ta kai tsaye, laifinsa ne ko da bai taɓa ta ba. Haka ma in namiji ne ya rage a gaban mace.

Malam_TudunWada:
Tsarin Hajiya ya fi kwanta mini a rai. Na Anti Rahila ya yi wa yara 'yan firamare da 'yan gida ɗaya.

Oga_Panteka:
Ni kan kayan aiki zan yi magana. Ragar fulobol faɗinta santimita 160, tsayi 115, zurfi 65 a ƙasa. Kada ku ba mai walda. Ta ƙarfe tana da nauyi, tana kankare daɓe, kuma wanda ya faɗa kanta ya ji jiki. Ku sayi fayif ɗin roba na ruwa, inci ɗaya da rabi. Kowace raga za ta ci kusan mita 7 da elbo (lanƙwasasshen mahaɗin fayif) shida: sandar sama, ƙafa biyu, gefe biyu a ƙasa, da ta baya. A zuba yashi a ta bayan a toshe, shi zai hana ragar tuntsurewa gaba. Kada a sa gam a duk mahaɗai, a bar biyu don a iya kwancewa a ajiye. Gidan sauro ba ya yin raga, sati biyu ya yage. A nemi koma mai ƙananan ido, waɗanda ba su kai santimita 7 ba, in ba haka ba ƙwallo ta fice ta baya a hau gardamar ta shiga ko ba ta shiga ba.

A janyo raga mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga bangon ƙarshe, ana wasa ta bayanta.

Shingen gefe na gasa santimita 50 ne. In bangon zauren yana kusa, shi ne shingenku. In fili ne a tsakiyar babban zaure, kewayensa mita 86 ne. Filawud ɗaya santimita 122 ne da 244, a yanka shi uku a tsaye, guda 12 za su zagaye filin. In kuɗi bai kai ba, a kwantar da bencina ta gefe, wurin zaman yana kallon fili, ƙafafun suna waje. Ko wanne kuka yi, ku gitta benci ɗaya a kowace kusurwa don ƙwallo ta riƙa zagayowa maimakon ta maƙale. Ginshiƙi in akwai a naɗe shi da tsohuwar katifa.

Baban_Ummi_Malali:
Allah Ya saka da alheri Oga. Daɓen fa? Yana da sulɓi sosai.

Oga_Panteka:
Sulɓin siminti ba shi ne abin tsoro ba, ƙurar da ke kansa ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu zai riƙa shimfiɗa muku ita ko tagogi a rufe suke. A share, sannan a goge da tsumma mai ɗan laima, ba sabulu, minti 30 kafin wasa don ya bushe. A ajiye jiƙaƙƙen tawul a bakin benci, mai shiga ya taka ya goge tafin takalmi. Kowa ya zo da kambas ɗinsa a jaka ya canza a bakin ƙofa, wanda aka tako titi da shi yashi ne a ƙasansa. Mai shimfiɗaɗɗen ƙasan roba ake so, akwai su a gwanjon Kasuwar Bacci. Ba but mai ƙusa, ba silifa, ba safa zalla. Ruwan leda a sha shi a wajen fili, ɗigo ɗaya ya isa ya kayar da mutum. Da damina a duba inda rufi ke yoyo kafin a fara.

Hauwa_Kawo:
Tufafi kuma, tunda an zo kan takalmi. Dogon wando mai ɗan sakewa da riga mai dogon hannu wadda ta sauko cinya sun wadatar, sutura ta cika kuma ƙafa na da 'yanci. Zani, abaya da dogon hijabi suna harɗe ƙafa, bakin sanda kuma yana maƙalewa a cikinsu. Ƙaramin hijabi mai roba a fuska ake sawa, a cusa ƙasansa cikin riga, kuma ba allura ko fil ko ɗaya. Maza ma ba jallabiya. A cire agogo, zobe, awarwaro, sarƙa da ɗan kunne mai lilo, a yanke farce. Waya da makulli kada su kwana a aljihu. Ku ɗinka riguna marasa hannu kala biyu da ake ɗorawa a sama, masu faɗi, tunda ƙungiya za ta riƙa canzawa duk mako.

Nas_Ladi:
Ƙwallon ba ta da nauyi, amma ido ba ya buƙatar nauyi. Ita da bakin sanda su ne manyan masu raunata ido a wannan wasa, shi ya sa Suwidin ta wajabta wa yara tabaran kariya. Mai gilashin magani ya fi kowa buƙatarsa, domin gilashin na iya fashewa a fuska. In aka sami mutum a ido, kada ya murza, kada a ɗiga masa komai, kada a danna. A kife masa ƙaramin kofin roba a kai a manne, a tafi asibiti. Asibitin Ido na Ƙasa yana nan hanyar Mando.

Akwatinku ya kasance da bandeji, filasta, auduga, safar hannu da ƙanƙara a kula. Targaɗe: a daina wasa, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar sama, ba ja ba murza. Haɓo: mutum ya sunkuyo gaba, ba baya ba, ya matse hanci minti 10. Haƙorin babba da ya fita a riƙe shi ta kansa ba ta saiwa ba, a sa a madara, a ga likitan haƙori cikin awa ɗaya. Wanda ya bugu a ka ya ji jiri ko ya rikice ya gama wasa ranar, ko ya rantse ya warke.

Mai juna biyu ta haƙura. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa, musamman lokacin ƙura. Mai sikila da mai hawan jini su ji ta bakin likitansu tukuna, kuma a Maris da Afrilu a ƙara hutun shan ruwa a tsakiyar kowane zagaye.

DanRigasa:
Gola fa, hular kwanon babur za ta yi masa?

Koci_Barnawa:
Ba za ta yi ba. Tana da nauyi, tana da zafi, tana toshe ganin ƙasa, ƙwallon kuma a ƙasa take. Abin rufe fuska mai waya ake so, da soso a gwiwa, dogon wando mai kauri da safar hannu. In ba ku samu ba, kada ku durƙusar da kowa a gaban sanduna da fuska a buɗe. Ku yi ƙananan raga, santimita 90 da 60, ku yi wasa ba gola har kayan su samu.

In akwai gola, a zana masa gidansa da tef a gaban raga, mita biyu da rabi a faɗi, mita ɗaya a zurfi. Ba ɗan wasan da ke taka ciki, nasa ko na hamayya. Cin da aka yi da ƙafar mai kai hari a ciki an soke shi. Gola ba ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa uku, in ya jefa kuma sai ta taɓa ƙasa kafin ta wuce layin tsakiya. Da zarar ya ɗora hannu a kanta, sanduna su janye. Sarar hannun gola laifi ne na zama a benci kai tsaye.

Alkali_MaiUsur:
Hukunci ya zama mataki uku kawai don kowa ya haddace. Ƙaramin laifi, bugun tazara daga inda aka yi shi, abokan hamayya su ja baya mita 3 har da sandunansu. Ɗaga sanda kusa da mutum, ture, sara, ko maimaita ƙaramin laifi, minti 2 a benci, ƙungiyarsa ta yi wasa da mutum uku, in aka ci su ya dawo. Ganganci, zagi, ko maganar banza ga mace ko namiji, ya fita ranar gaba ɗaya. Kuma gurbin mai laifi ne ke zama a buɗe. In namiji aka kora, namiji ɗaya da mata biyu ne a fili. Ba a cire mace a ce ita ta ɗauki hukuncinsa.

Lokaci: zagaye uku na minti 12, agogo ba ya tsayawa sai an ji rauni, hutun minti 3 a tsakani. Minti 42 ke nan. Kuka fara huɗu da rabi za ku sami wasa biyu, amma a Nuwamba Magariba tana kawo kai wajen ƙarfe shida, sai a rage na biyun. Alƙali kada ya zama ɗan wasa a wannan wasan, ku riƙa karɓa-karɓa, kuma kyaftin ne kaɗai ke yi masa magana. In an tashi kunnen doki ku bar shi haka. In dole sai an raba, a yi bugun fenareti uku-uku daga layin tsakiya, mace, namiji, mace, ba a bin ƙwallon da gola ya doke.

DanRigasa:
Duk na ji, amma har yanzu ba a amsa mini ba. Ga ƙungiyar da ta zaɓi haɗuwa a fili, me zai sa a miƙa wa mata ƙwallo?

Maman_Sadiq:
Jeri. Kada a tura mata biyun baya su zama masu tsaro. Mace da namiji a gaba, mace da namiji a baya, kuma a canza su bibbiyu. Na gaba ba shi da abokin miƙawa kusa sai ita. Sannan ajiye ƙwallo a tsakiya bayan kowane ci a riƙa juyawa, wannan karon mace da mace, na gaba namiji da namiji. Bugun tazara ma haka.

Koci_Barnawa:
Ƙara da iyakar ci: mutum ɗaya ba ya wuce uku a wasa. Ya cika uku, sai dai ya ba wani. Gwanin da ke riƙe ƙwallo shi wannan ta kama, ba tare da an ambaci mace ko namiji ba. Dokar sai mace ta taɓa kafin a ci kuwa ban so ta. Alƙali ɗaya ba zai iya duban tsayin sanda, gidan gola da wa ya taɓa a lokaci guda ba, kuma taɓawar takan zama ta cika umarni, a ba ta ta mayar nan take.

Anti_Rahila_Sabo:
Ni ban kore ci biyu gaba ɗaya ba. A ba sabon shiga, mace ko namiji, na makonni huɗun farko, ya sa ƙyalle a hannu don a gane shi. Bayan nan kowa ɗaya.

Hauwa_Kawo:
Anti, ko a haka cunkoson bakin raga da na faɗa yana nan, sai ma ya koma kan wanda bai iya kare kansa ba tukuna.

Anti_Rahila_Sabo:
To a ce cin biyun sai wanda aka buga daga wajen mita 3 da raga. Ba amfanin dasa kowa a bakin gola ke nan.

Alkali_MaiUsur:
Wannan layi ne na ƙari da za a zana, da ido na ƙari da zai duba shi. Kuma ku amsa wannan kafin Asabar: tsohon ɗan wasa ya buga, ƙwallo ta goga sandar mai ƙyalle ta shiga, ɗaya ce ko biyu? In za ku gwada ta, ku rubuta cewa sai wanda ya tsayar da ƙwallo ya buga da kansa, gogawa ɗaya ce.

Baban_Ummi_Malali:
Za mu kai wa matan tsarin Hajiya da na biyu-biyu su zaɓa. Wata tambaya: sandunan duk tsayi ɗaya ne, a yanke wasu?

Koci_Barnawa:
A yanke. Mutum ya tsaya da takalmi, ya dasa sanda a gabansa, kanta ya kai cibiya ko ya ɗara da yatsa biyu. Doguwar sanda a hannun gajere ita ce ke tashi sama ba da niyya ba. Daga sama ake yankewa, a mayar da murfin robar ko a naɗe bakin da tef, kada a bar shi da kaifi. Ku duba lanƙwasar bakin kuma, akwai ta hagu akwai ta dama, ba ta bin hannun da mutum ke rubutu da shi. A ba kowa duka biyun ya tuƙa ƙwallo minti biyar, wadda ta zauna masa a rubuta sunansa a jikinta. Duk wadda bakinta ya tsage a ajiye ta gefe har a sauya shi.